Kafin Ka Buɗe Kwamfuta: Shawara Ga Mai Zanen Da Kansa Ya Toshe

Koken da na fi ji daga matasa masu zanen kwamfuta guda ɗaya ne: sun zauna za su fara aiki, kai ya toshe, ina za su samo basira? Wasu da waya suke aikin, da Canva ko PixelLab, wasu kuma suna shagon buga takardu a gaban CorelDRAW tun hantsi har magariba. Amsar da nake ba su ba ta cika yi musu daɗi ba. Yawanci ba basira ce ta ƙare ba. Mutum ne bai san abin da aka aike shi ya faɗa ba, ya zauna yana canza launi yana jiran launin ya gaya masa.

Mai zane ɗan aike ne. Mai shago, ko uwar amarya, ko shugaban Islamiyya yana da magana, yana da mutanen da yake so ta kai gare su, ba kuma zai iya bin su gida-gida ba, sai ya aike ka. Ɗan aiken da ya caɓa ado ya je ya dawo bai isar da saƙo ba, ba a sake aikensa. A nan ka bambanta da mai zanen hoton da ake ratayewa a falo. Shi yana da ikon ya zana abin da ransa ya raya masa, wanda ya gane ya gane. Kai kuwa idan ka yi katin ɗaurin aure jama'a suka je masallacin da ba shi ba, kyan katin bai amfani kowa ba.

Saboda haka aikin yana farawa ne da baki, ba da linzamin kwamfuta ba. Idan kwastoma ya zo, ka ba shi wurin zama ka yi masa tambayoyi. Wa zai karanta? A ina zai gani, a bango, a waya, ko a hannu? Me kake so ya yi bayan ya gani, ya kira lamba, ya zo taro, ko ya san shagon ya tashi daga inda yake? Sai tambayar da ta fi duka: Alhaji, da a ce kalma biyar kaɗai za ta shiga, wace da wace za ka zaɓa? Zai ce duka suna da muhimmanci. Kowa haka yake cewa. Ka yi haƙuri ka sake tambaya ta wata hanya, har sai kun fitar da magana ɗaya da za ka iya rubutawa a bayan rasit. Idan ba ku kai nan ba, kada ka kunna kwamfuta, ɓata wuta ne kawai.

In kana son ganin zanen da ya san aikensa, dubi takardar jefa ƙuri'a ta Najeriya. Babu sunan ɗan takara a kanta, tambarin jam'iyya ne da gajeren sunanta. Tsohuwar da ba ta taɓa zama a aji ba tana shiga rumfa ta nemi lema ko tsintsiya ta dangwala. A 1979 mutane sun san PRP da makulli, NPN da gida da masara, a 1993 kuma SDP da doki. Ba wanda zai ce waɗannan hotuna sun fi kowane zane kyau. Amma ana gane su daga nesa, ana gane su ko an matse su sun koma kamar ƙwayar gyaɗa, kuma, abin da masu zane ke mantawa, ana iya faɗinsu da baki. Ɗan yawon kamfe yana iya cewa "ki nemi makulli". Ka gwada wannan a kan duk tambarin da ka zana wa wani kamfani: shin yaro zai iya kwatanta shi ga wani yaron a jimla ɗaya? Idan sai an yi dogon bayani, tambarin bai nuna ba tukuna.

Cutar da ta fi kama fastocinmu ita ce cunkoso. Hoton mai gayya, hoton maigidansa na siyasa, furanni a kusurwa huɗu, zinare yana sheƙi, salon rubutu har kala shida, kowanne yana ihu. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Ragewa ita ce rabin sana'ar, kuma ba kai ne na farko da za a rage wa aiki ba. Tutar Najeriya da Michael Taiwo Akinkunmi ya zana yana ɗalibi a Landan, aka zaɓe ta a wata gasa a 1959, da farko akwai jar rana mai tsirkiya a tsakiyar farin. Alƙalan gasar suka cire ranar, aka bar kore, fari, kore. Abin da ya rage ɗin ne ɗan firamare ke iya zanawa da alli biyu, tela kuma ya ɗinka ba tare da ya kira kowa ba.

Bari mu ɗauki aikin da ya fi zuwa shago, katin walimar sauka. Ga abin da aka turo maka a WhatsApp: sunan makaranta da adireshinta, sunayen ɗalibai 30, uban taro, uwar taro, babban baƙo, mai masaukin baƙi, rana, lokaci, wuri, lambobin waya uku, da addu'a. Mai karatu yana neman abu uku ne a kallon farko: mene ne, yaushe, a ina. Su ne za su fi komai girma, su zauna kusa da juna, ido ya same su ba tare da ya yi yawo ba. Manyan baƙi su biyo baya da matsakaicin rubutu. Sunayen ɗalibai su jeru a layi biyu ko uku da ƙaramin rubutu mai tsabta, domin uwar yaro za ta nemo sunan ɗanta ko da allura aka rubuta shi, ba sai ka yi mata ihu ba. Salon rubutu biyu ya isa, ɗaya na kanu ɗaya na bayani. Ka bar fili. Kwastoma zai ga farin wuri ya ce an yi asarar takarda, ka gaya masa filin nan ne ke sa a ga sunan makarantarsa. Idan ka gama, ka rage girman zanen a fuskar waya ka miƙa wa wanda bai san da maganar ba, ka ƙirga zuwa uku ka karɓe. Tambaye shi ranar taron. In ya kasa, kai ne da gyara, ba shi ba.

To, sai maganar basira, wadda ita ce ta kawo ka.

Abin da yawancin matasa ke yi shi ne su buɗe Pinterest ko Instagram su rubuta sunan aikin, su zaɓi wanda ya burge su, su canza suna da lamba. Ban hana kallon aikin wasu ba, kowane gwani da kallo ya fara. Matsalar ita ce kai da abokan sana'arka dubu kuna ɗiba daga rijiya ɗaya, shi ya sa fastar mai sayar da shawarma a Kano ta yi kama da ta mai sayar da inshora a Dubai. Ga kuma abin dariya da ya zama ruwan dare: tallan gidan tuwo da hoton Bature yana murmushi a kan farantin taliya. Kayan aro ba ya rufe katara.

Basira ta fi zuwa daga wajen sana'ar. A 1931 wani ma'aikacin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan mai suna Harry Beck, wanda aikinsa zana taswirar wayoyin lantarki ne, ya lura cewa fasinjan da ke cikin rami bai damu da ainihin nisan tasha da tasha ba. Abin da yake so ya sani shi ne wace tasha ce ta gaba, kuma a ina zai sauya jirgi. Sai ya watsar da taswirar gari, ya miƙar da layukan, a tsaye, a kwance, ko a karkace, kowane layi da launinsa, kamar yadda ake zana wayoyi. Da farko hukumar jirgin ta ƙi karɓa, sai a 1933 aka buga, kuma har yau a kan tsarinsa taswirar take, birane da dama sun kwaikwaya. Ka lura da abu biyu. Ya fara ne da tambayar me fasinja ke buƙata, sannan ya ɗauko amsar daga wani fannin da ya sani.

Kai ma kana da irin waɗannan fannoni a unguwarku, ka saba da su ne har ba ka ganinsu. Wanda na fi so in tura ɗalibi ya gani shi ne Alƙur'ani rubutun hannu, irin wanda alarammomi ke rubutawa a Kano da Barno. Ka nemi izini, ka yi alwala, ka zauna a gaban malam ya buɗe maka gafaka. Baƙaƙe da baƙar tawada suke, wasula da ja, hamza da ruwan ɗorawa, ga kuma ɗigon kore a inda alif ke haɗewa da abin da ya gabace shi. Launi huɗu, kowanne da aikinsa, babu wanda aka sa don ya burge. Zayyanar da ke gefen shafi, da'ira ce ko murabba'i mai saƙa a ciki, ita ke gaya wa mai karatu ya kai izu, ko sumuni, ko rubu'i, ko wurin sujada, kuma ana bambance su tun kafin a karanta abin da ke kusa. Tun da warƙoƙin ba a ɗinke suke ba, sai marubuci ya sa kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan wanda ake ciki, don ko iska ta watsa su a iya mayar da kowanne mazauninsa. Duk abin da littattafan koyon zane ke faɗi game da launi mai ma'ana da yi wa ido jagora, ga shi nan a aikace. Rubutun Sharu Bala Gabari na Kano ma har maɗaba'a ya shiga, aka yi ta buga shi yana yawo a kasuwanni, don haka samun kwafin da za ka nazarta ba wuya. Sai dai a kiyaye: tsarin za ka koya, ba ayoyi za ka kwasa ka liƙa a takardar tallan da gobe za a ƙulla ƙosai da ita ba. Ko kwastoma ne ya nemi a sa aya a takardar rabawa, ka tuna masa inda irin takardun nan ke ƙarewa.

Daga nan ka wuce wurin masu ɗinkin hannu ka kalli babbar riga mai aska takwas. Aikin bai zauna a tsakiya ba. Nauyinsa yana hagu, a kan aljihu, askakin suna nuni ƙasa, sai tambari ya zauna shi kaɗai a ɗaya gefen da fili kewaye da shi, amma rigar ba ta rinjaya ba. Matashin da ya saba jera komai a tsakiyar shafi, layi bisa layi, zai koyi yadda babban abu a gefe ɗaya ke daidaita da ƙaramin abu mai fili a ɗaya gefen. Ka kalli hula zanna, yadda ƙaramin fasali ɗaya ke maimaituwa ya zagaye kai ba a ga inda ya fara ba. Irinsa kake buƙata in za ka yi bangon takardar shaida ko ledar kaya. Ka zaga tsofaffin unguwannin Zariya, ko Birni a Damagaram, ka ga zanen da magina ke fitarwa a fuskar zaure, yadda suke tara ado a bakin ƙofa su bar sauran bango, saboda ƙofar ce ake so baƙo ya gani. In kana Kano, Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata suna nan. A marina kaɗai za ka ga shuɗi iri-iri, daga mai haske har wanda ya kusa baƙi, ka gane cewa launi ɗaya ma yana iya ɗaukar aiki gaba ɗaya. Kada kuma ka raina masu fentin bayan manyan motoci. Sun san rubutunsu a guje za a karanta shi, cikin ƙura, shi ya sa haruffansu ke da kauri da inuwa, kalmomin kuma ba su da yawa.

Wannan hanya ba sabuwa ba ce. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu har da Uche Okeke, Demas Nwoko, Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiya don sun gaji da koyon zane kamar a Ingila suke zaune. Ba su yar da dabarun da aka koya musu ba, sun haɗa su ne da na gida. Okeke ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango, ya gina salonsa a kai. Abin da zan ƙara a kan wannan gargaɗi ne. Komawa gida ba shi ne manna dagin Arewa a kowace kusurwa ba. Dagin nan ya sha wahala a hannunmu: yana kan tambarin gidan burodi, yana kan na makaranta, yana kan na masu haƙar rijiya, har ya daina faɗin komai sai "mu 'yan Arewa ne", abin da mai karatu ya riga ya sani. Ka tambayi kanka me ya sa magini ya sa ado a nan bai sa a can ba. Dalilin za ka ɗauka, siffar kuwa ka ƙirƙiro taka.

Yadda za ka mayar da kallo ya zama jari abu ne mai sauƙi, sai dai yana son naci. Ka buɗe wuri na musamman a wayarka, duk abin da ya tsayar da idonka ka ɗauka: allon mai shayi, kwalin ashana, jerin tumatir da attaruhu a faranti, tsohon bangon littafin hikaya a hannun 'yan tebur. A ƙarƙashin kowane hoto ka rubuta jimla ɗaya kan abin da ya sa ya yi aiki, ko abin da ya ɓata shi. Hoton da ba a rubuta masa dalili ba, cika waya kawai yake. Ba a fafe gora ranar tafiya, ranar da kwastoma ke tsaye a kanka ba ranar fita neman basira ba ce. Idan aiki ya zo, ka fara da biro da takarda, ka zana ƙananan akwatuna kamar girman kwalin ashana, ka gwada tsari goma cikin minti kaɗan. Na farko da na biyu yawanci abin da ka gani jiya ne a intanet, naka yana fitowa ne bayan ka zubar da waɗannan. A kwamfuta kuwa da zarar ka ɓata awa ɗaya a kan tsari, sai ka ji ba ka iya rabuwa da shi ko da bai yi ba. In duk da haka kan ya ƙi buɗewa, tashi ka je inda zanen zai rayu. Ka tsaya a bakin titin da za a kafa allon, ka ga gudun motoci, ka ga allunan maƙwabta. Idan duk ja da rawaya ne, ka riga ka san launin da ba za ka sa ba.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke haɗa hoto cikin daƙiƙa suna da amfani wajen gwada tunani, amma ka duba abin da suka ba ka da idon ɗan gari. Sukan naɗa rawani yadda ba mai naɗa shi, su ba Bahaushiya shigar wata ƙasa, rubutun da ke cikin hoton kuma ya fito a hargitse.

Saura abubuwan da ke kashe aiki mai kyau a mataki na ƙarshe. Yawancin salon rubutun ado ba su da ɓ, ɗ da ƙ. Sai ka ga akwati ya fito a madadin harafi, ko kwamfuta ta aro shi daga wani salon ya tsaya a tsakiyar kalma kamar baƙo. Kafin ka zaɓi salo, rubuta haruffan nan manya da ƙanana ka gani. Noto Sans, Andika da Charis SIL duk suna da su, kuma kyauta ne. Idan za ka kai aiki maɗaba'a ka mayar da rubutun ya zama zane, don kada kwamfutarsu ta musanya maka shi. Launin fuskar waya haske ne, na takarda tawada ce, saboda haka ka yi aikin bugawa a tsarin CMYK tun farko, in ba haka ba shuɗin da ya yi maka ƙyalli zai fito a dushe. Hoto ya kai digo 300 a kowane inci in a hannu za a riƙe, ka kuma bar rarar milimita 3 a gefuna saboda wuƙar yanka. WhatsApp yana matse hoto, ka ce kwastoma ya turo a matsayin fayil, ba daga cikin hotuna ba. Ga allon titi, masu sana'ar suna da ƙiyasin inci 1 na tsayin harafi ga kowace ƙafa 10 ta nisa. Ka kuma tuna rana, banar talla mai jan rubutu a kan kore ko shuɗi tun tana sabuwa da ƙyar ake karanta ta, balle ta sha zafin bazara.

Sai kwastoman da ya dage a ƙara girman hotonsa har ya danne ranar taro. Kada ka yi masa gardamar ilimi, ba zai ji ba, kuma kuɗinsa ne. Ka yi kala biyu, nasa da naka, ka buga su a ƙaramar takarda ka manna a bango, ku ja da baya taku goma ku kalla tare. Sau da yawa da kansa zai nuna naka. In ya tsaya a kan nasa, ka yi masa, amma ka ceci rana da wuri da lambar waya. Kafin a buga kuma, ka tura masa zanen ƙarshe ya karanta ya amsa a rubuce cewa ya amince. Kai ma ka kira lambar da ke jiki ka ji wa zai ɗauka, ka buɗe kalanda ka tabbatar ranar Asabar ɗin da aka rubuta ta dace da kwanan watan, na Miladiyya da na Hijira, ka kuma tambayi yadda kowane mai suna ke rubuta sunansa, domin Muhammad da Mohammed da Mamman ba su yarda a musanya musu ba, kuma kati dubu in ya fito da kuskure, a aljihunka za a nemi kuɗin sake bugawa.